Ruwa Kafin Almakashi

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu ɗinkin bargon ƙyalle a Amurka. In mace ta sayo sabon yadi, sai ta wanke shi tukuna ta yanka, ko kuwa ta sa masa almakashi yadda ya fito daga kanti? Wanda bai san sana'ar ba zai ce wannan ai ba abin ɗaga jijiyar wuya ba ne. Amma a ƙungiyoyin ɗinki na garuruwa, da manyan wuraren baje koli irin na Houston da Paducah inda dubban masu sana'ar ke haɗuwa duk shekara, magana ce da kan raba aminai gida biyu. Wasu ba sa barin sabon yadi ya kwana a ɗakin ɗinki sai ya ga ruwa. Wasu kuwa sun tsufa a kan keke ba su taɓa jiƙa ko ƙyalle ɗaya ba, ga kuma bargunansu lafiya lau suna ba da shaida.

Sai an san yadda bargon yake za a gane dalilin zafin gardamar. Abin da suke kira kwilt hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye masu launi iri-iri, wasu murabba'i, wasu masu kusurwa uku, wasu dogaye sirara. Sai audugar ciki mai ba shi kauri da ɗumi. Sai shafi, babban yadin da ke rufe baya. Daga nan a bi hawa ukun da ɗinki, da hannu ko da keke, layi bayan layi, har su zama abu guda. Bargo ɗaya kan ci ɗaruruwan ƙyallaye, wani ma dubbai, ya kuma lashe watanni. Duk wannan wahala wankin farko ne ke yanke mata hukunci. In ja ya zuba a kan fari, ko wani ƙyalle ya tsuke ya janyo maƙwabtansa, ba abu ba ne da za a farke a gyara da yamma guda.

Abin da ke burge ni da gwanayen wannan aiki shi ne, ba ka samunsu a kowane ɓangare na gardamar. Gwana takan ɗaga yadi ta murza, ta dubi launinsa, ta tuna inda ya fito, ta tambayi kanta wa zai rufa da bargon kuma wa zai riƙa wanke shi, sannan ta yanke shawara. Yau ta wanke, gobe ta ƙi, kuma duka biyun da hujja. Ta san abin da ruwa zai yi wa yadi tun ruwan bai taɓa shi ba. Abubuwa uku take aunawa: tsukewa, zuba, da sitaci.

Abin da ke sa yadi tsukewa

A masaƙa zaren tsaye a ɗaure yake tam tun daga wadari har a sauke saƙa, na kwance kuma yana ratsa shi. Bayan saƙa ma jan bai ƙare ba. Ana jan yadin ta cikin injin wanki, da na rini, da na buga zane, sannan a busar da shi a miƙe, an kama gefensa biyu don kada faɗinsa ya ragu. Ƙananan hujojin nan da akan gani jere a gefen sabon yadi, sawun ƙusoshin da suka riƙe shi ne. Ke nan yadin da ke kanti a miƙe yake fiye da yadda zarensa ke so. Da ya shiga ruwa sai audugar ta sha ta kumbura, zaren ya ƙara kauri, kowane zare ya ƙara lanƙwasa kafin ya tsallake ɗan'uwansa, yadin ya koma gida. Zafi da jujjuyawar injin busarwa su ƙarasa abin da ya rage.

Yadin auduga irin na ɗinkin bargo kan tsuke da kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Mai sakwa-sakwan saƙa da falanel, wato audugar nan mai gashi-gashi ta lokacin sanyi, sun fi haka. A baki kamar ba komai, amma bargon babban gado mai inci 90 in ya tsuke da kashi 5, inci huɗu da rabi sun tafi. Wanda aka auna zai sauko ya rufe katifa sai ya tsaya a rabin hanya.

Masana'antu sun daɗe da sanin wannan ciwo. A 1930 wani Ba'amurke, Sanford Cluett, ya yi rajistar wata dabara ta jiƙa yadi a matse shi a jikin bel tun a masana'anta, yadda abin da zai ƙara tsukewa a gida ba zai wuce kashi 1 ba. Da ita aka samu sauƙin riguna da wandunan jins. Sai dai mai ɗinkin bargo ba daga masaƙa ɗaya take tara kayanta ba. A bargo guda za a iya samun yadin Amurka, da na Japan, da batik na Indunisiya, da guntun tsohuwar rigar kaka.

A nan ne idon gwana ya bambanta da na ɗalibi. Ɗalibi yawan tsukewa yake tsoro, gwana kuwa bambancinsa. In duk ƙyallayen suka tsuke daidai wa daida, bargo ya ɗan ragu ne kawai, yana nan shimfiɗe sumul. Amma in wannan ya tsuke da kashi 1 na kusa da shi da kashi 5, sai ɗaya ya ja ɗaya ya tattare, ɗinkin ya riƙa cin wuya, gefen bargo ya yi ta lanƙwasa ya ƙi kwanciya. Ko a yadi ɗaya ma tsawo ya fi faɗi tsukewa a mafi yawan lokuta, tun da zaren tsaye ne ya fi shan ja. Shi ya sa ƙa'idar da kusan kowa ya yarda da ita, har masu gardamar, ita ce kada a haɗa wankakke da marar wanki. Ko a wanke duka, ko a bar duka.

In gwana ta yi kokwanton wani yadi ba ta tsaya ka-ce-na-ce ba. Sai ta yanki murabba'i mai inci 10, ta wanke shi yadda za a riƙa wanke bargon, ta busar, ta goge, ta sake aunawa ta tsawo da ta faɗi. In ya dawo inci tara da rabi, ta san kashi 5 ke nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wani abin mamaki kuma, akwai masu neman tsukewar da gangan. Audugar ciki ita ma tana tsukewa in ta auduga ce zalla, saɓanin ta roba wadda kusan ba ta motsi. In aka haɗa fuska marar wanki da audugar ciki ta gaske, aka bi su da ɗinki kusa-kusa, wankin farko sai ya sa kowane ɗan fili da ke tsakanin layukan ɗinki ya taso ya yi yamutsa-yamutsa mai laushi. Wannan yamutsar ita ce kamannin tsofaffin bargunan kakanni, kuma mutane da yawa ita suke so. Wadda ke son bargonta ya fito sumul, kowace kusurwa tsaf, ita ce za ta wanke yadinta, ta kuma zaɓi audugar cikin da ba ta tsukewa. Tun kafin a yanka ƙyallen farko an riga an zaɓi fuskar da bargon zai yi bayan shekara goma.

Zuba

Tsukewa kan rage wa bargo kyau, zuba kuwa kashe shi take. Duk wadda ta taɓa tsayawa a Kantin Kwari mai shago na ce mata, "Hajiya, wannan ba ta zuba, in ta zuba ki dawo mini da ita," ta san ba a gane gaskiyar maganar sai a bokitin wanki. Bambancin kawai, atamfar da ta zuba kanta ta ɓata, amma jan ƙyalle guda a tsakiyar bargo duk fararen da ke kewaye da shi zai shafa.

Tarihin bargon Amurka cike yake da wannan fargaba. A ƙarni na 19 jan da mata suka amince da shi ɗaya ne, wanda ake kira jan Turkiyya. Daga saiwar wani tsiro ake samunsa, amma sirrin yana wajen shirya yadin: a jiƙa shi da mai, da alif, har da kashin tumaki, a shanya a maimaita, aikin makonni. Daga gabas dabarar ta shigo Turai, kuma a 1785 wani marini Bafaranshe mai suna Papillon ya kai ta Gilasgo, inda ta zama babbar sana'a a Sikotlan. Jan yana da tsada, amma ba ya zuba, ba ya kuma kodewa da wuri. Shi ya ba matan Amurka ƙarfin halin ɗora ja jawur a kan fari fat. A 2011 an baje irin waɗannan barguna masu ja da fari sama da 650 a birnin Niyu Yok, duk daga tarin mace ɗaya, Joanna Rose. Da jan zamanin yana zuba, da yawancin tsofaffin cikinsu ba su kai ga wannan baje koli ba.

Ba kowane launi ne ya yi irin wannan riƙon amana ba. A gidajen tarihi akan ga bargunan ƙarshen ƙarni na 19 masu jajayen furanni raɗau, ganyayensu kuwa ruwan ƙasa. Ba haka mai ɗinkin ta zaɓa ba. Kore ne ta sa, irin sabon rinin masana'anta na lokacin, wanki da rana suka cinye shi suka bar jan yana tsaye.

Rinin masana'anta ya fara ne a 1856, lokacin da William Perkin ya haɗa launin shunayya a Ingila. A 1868 masana a Jamus suka haɗa sinadarin jan saiwar nan a ɗakin gwaji. Babban sauyi ga auduga ya zo a 1956, da kamfanin ICI na Ingila ya fito da rinin da ke ƙulluwa da jikin audugar kanta, ba ya tsaya a kanta kawai ba. Wannan ne ya sa yadin kirki na yau bai cika zuba ba, kuma shi ne babbar hujjar masu cewa wanki ɓata lokaci ne. Suna da gaskiya, amma ba duka ba. Ko da irin wannan rini, akwai ragowar da ba ta kama ba, wadda ya kamata masana'anta ta ɗauraye. In an yi ha'inci wajen ɗauraya, ragowar tana nan kwance tana jiran ruwa. Ta fi yawa a launuka masu duhu: ja, shuɗi mai duhu, shunayya, baƙi, da duk yadin da aka rina da hannu.

Shuni kuwa halinsa daban. Ba ya ƙulluwa da auduga, maƙalewa yake yi a cikin zare, abin da ya yi yawa kuma ya zauna a sama, ko guga da hannu ma sai ya fita. Marinan Ƙofar Mata da na Kura sun san wannan tun kaka da kakanni, kuma rawanin ɗan Kura da ke barin shuɗi a fuskar Buzaye shaida ne. A can ado ne. A bargon da ke da fari kuwa, yadin shuni ko sabon jins ba ya shiga sai ya sha ɗauraya har ruwan ya fito garau.

Ga yadda gwana ke kama ɓarawon launi. Takan cika kwalba da ruwan zafi, ta ɗiga sabulu, ta jefa guntun yadin da take zargi, ta haɗa shi da guntun farin da za ta yi aiki da shi. Bayan wani ɗan lokaci ta dawo ta ɗaga kwalbar a haske. In ruwan ya canza launi, yadin yana sakin rini. Amma ba a nan take tsayawa ba, domin ba duk rinin da ya fita ne ke kama wani yadi ba. Sai ta fito da guntayen biyu, ta ɗora jan a kan farin suna jiƙe, ta danne su, ta bar su su bushe tare. In farin ya fito fari, an tsira. In ya yi ko da ɗan jirwaye, jan zai koma wanki, kuma in an yi ta wankewa bai daina ba, sai a sallame shi komai kyansa.

Da yawa a can, kamar yadda ake yi a nan, sun gaji jiƙa sabon yadi a ruwan gishiri ko ruwan kal wai don launi ya zauna. Gishiri yana da aiki, amma a cikin tukunyar rini, inda yake taimaka wa launi shiga auduga. Ruwan kal kuma rinin ulu da siliki yake taimaka wa. Bayan yadin auduga ya bar masana'anta babu ɗayansu da ke ɗaure launi. In an ga sauƙi, jiƙon ne da ɗaurayar suka fitar da ragowar rini, gishirin ya karɓi yabo. Abin da masu sana'ar ke amfani da shi a yau shi ne sabulun marina irin Synthrapol, mai riƙe rinin da ya fita a cikin ruwa kada ya koma jikin yadi, da sinadarin Retayne mai ɗaure wasu nau'o'in rini, da wata takarda da ake jefawa cikin injin wanki ta tsotse launin da ke yawo.

In kuwa mai afkuwa ta afku, gwana ba ta kai bargon ga zafin injin busarwa ko dutsen guga, ba ta kuma barinsa a dunƙule yana jiƙe, don a nan ne launi ya fi ratsawa. Babban baho take cikawa da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, ta nutsar da bargon duka, ta bar shi awanni, ta sauya ruwa ta sake. Yawan ruwan ne maganin. Sau da yawa akan ceto shi, amma rigakafi ya fi magani.

Hujjar masu ƙin wanki

Kada a ɗauka masu ƙin wanki ƙiwa ce ke damunsu. Sabon yadi yana zuwa da sitaci da sauran abin da masana'anta ke shafa masa, wanda ke sa shi tsayawa kyam. Ga mai haɗa ƙananan ƙyallaye wannan tsayuwa dukiya ce. Haɗin bargo da rubu'in inci ake yinsa, kimanin milimita 6 daga bakin ƙyalle, ba ƙari ba ragi. In kowane haɗi ya kauce da kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci, abin da ido ba ya ma kamawa, kafin a yi haɗi goma sha shida an yi asarar inci guda, kusurwoyi sun daina haɗuwa, tauraron da aka zana ya karkace. Ƙyalle mai kusurwa uku ya fi ban tsoro, domin gefensa ɗaya a karkace aka yanka shi, kuma yankan karkace da an ɗan ja shi yake miƙewa. Yadi mai sitaci yana tsayawa inda aka ajiye shi. Wankakke kuwa ya yi laushi, yana zamewa a ƙarƙashin wuƙa.

Kayan aiki ma sun ƙara wa wannan ɓangare ƙarfi. A 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙa mai kamar taya, wadda ake gungurawa a jikin rula ta yanke yadi hawa huɗu ko fiye a lokaci guda. Daga baya kamfanonin yadi suka shiga sayar da yankakkun ƙyallaye a ƙunshe: murabba'i mai inci 5, da mai inci 10, da dogayen sirara masu faɗin inci biyu da rabi, kimanin arba'in a naɗe. Waɗannan ba a kai su injin wanki. Bakinsu zai tsefe, su harɗe da juna, su tsuke, kuma da zarar mai inci biyu da rabi ya rasa awonsa, lissafin zanen duka ya rushe. Mai aiki da su sai ta bar komai ba wanki, har shafin, ta dogara da gwajin kwalba da takardar kama launi. Haka ma bargon da za a rataya a bango don ado, wanda wataƙila har abada ba zai ga ruwa ba, babu dalilin wahalar da yadinsa.

Masu wanki su ma ba sa rasa amsa. Sitacin da ya fita ai ana mayar da shi, a fesa a goge, har ma ya fi na kanti tsayuwa. Sai dai ba a ajiye yadi da sitaci na dogon lokaci, don ƙwari na binsa, ana sa shi ne in an tashi yanka. Suna kuma da hujjojin da sitaci ba ya kawarwa. Wasu fatarsu ba ta jure sinadaran sabon yadi, ga mai ɗinkin da za ta yi watanni tana shafa shi, ga jaririn da za a naɗe. Gam ɗin da ake manna ƙyalle da shi ta hanyar guga ma ya fi kama wankakken yadi.

Waɗanda ba su taɓa yin gardamar ba

Gardamar nan ta masu wadata ce, waɗanda ke shiga kanti su sayi sabon yadi musamman don su yayyanka shi. Matan karkarar Amurka a shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, da buhu suke ɗinki. Fulawa da sukari da abincin kaji a buhunan auduga suke zuwa, mace ta farke buhu ta yi riga, ragowar ta shiga bargo. Wanki a nan dole ne, kuma ba na wasa ba: sai an jiƙa da kananzir ko kitse, a dirje da sabulu, a tafasa, kafin sunan kamfanin ya fita. Da kamfanonin suka lura mata ne ke zaɓen buhu, sai suka koma buga furanni a jiki, suka sa tawada mai fita da ruwa ko takardar da ake ɓarewa.

A Gee's Bend, wani ƙauye da kogin Alabama ya kusan zagaye, matan baƙar fata jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin sun yi ta ɗinka barguna da tsofaffin kayan gona. A 1942 Missouri Pettway ta haɗa nata da tufafin aikin mijinta bayan rasuwarsa. Wanda ya dubi irin waɗannan barguna da kyau zai ga gwiwar wandon jins ta kode ta yi fari-fari, ga kuma wani murabba'i mai shuɗi sosai inda aka cire aljihu, wurin da rana da sabulu ba su taɓa kaiwa ba. Matan sun mai da wannan bambancin launi ado. Yadin da ya sha wanki shekara da shekaru ya gama tsukewarsa, ya zubar da duk abin da zai zubar. Sabon yadi ya shigo musu da yawa ne bayan 1972, lokacin da ƙungiyar ɗinki ta Freedom Quilting Bee, wadda aka kafa a 1966, ta samu kwangilar ɗinka wa kamfanin Sears rigunan matashi, guntayen suka riƙa komawa gidaje. A 2002 aka baje bargunan Gee's Bend a gidan adana zane na Houston, daga nan zuwa na Whitney a Niyu Yok, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga su a jikin kan sarki.

Darasinsu yana aiki har yau. Al'ada ce a can in mutum ya rasu a tattara rigunansa a ɗinka wa iyalinsa bargon tunawa. Rigunan sun gama tsukewa, amma shafin da za a saya da yadin da za a kewaye su da shi sababbi ne. Duk gwana ta san a nan babu zaɓi, sai an wanke sabon sosai kafin ya haɗu da tsoho. In ba haka ba, a wankin farko sabon zai ja, tsohon da zarensa ya riga ya gaji shi zai yage, kuma rigar uba ba a sake sayo ta.

Yadda ake wankin

In shawara ta tsaya a kan wanki, shi ma da tsarinsa. A ware masu duhu daga masu haske. A warware ninkin yadi gaba ɗaya, don kada layin ninki ya kode ya bar alama. A bi yankakken baki da ɗinkin zigzag ko almakashi mai haƙora, don kada zare ya tsefe ya ɗaure yadin ya zama igiya. Ƙananan guntaye a sa su cikin jakar raga, ko a jiƙa su da hannu a roba. Ruwan da zafin su zama irin waɗanda bargon zai riƙa gamuwa da su, domin wankin da ya fi na gaba sanyi bai gwada komai ba. Ulu da siliki ban da su a wannan, ruwan zafi ɓata su yake. A cire yadin da sauran danshi a goge, ana ɗora dutsen guga ana ɗagawa, ba a jansa, don kada a sake miƙar da abin da aka wahala aka saki. Gefen nan mai hujoji a yanke shi a yar, saƙarsa ta fi ta tsakiya matsewa, tsukewarsa ma daban. Wasu sukan gutsire kusurwar duk yadin da suka wanke, yadda ko bayan shekaru suka zaro shi daga tari, kallo ɗaya ya isa. In kuma bargon haɗin gwiwa ne, irin wanda kowace mace a ƙungiya ke kawo nata yanki, tun ranar farko ake yanke magana ɗaya kowa ya bi.

Duk wannan lissafi ba don mai ɗinkin ba ne. Yawancin barguna kyauta ake bayar da su, ga amarya, ga mai jego, ga ɗan da zai tafi jami'a, kuma wanda ya karɓa bai san jan Turkiyya ba, bai san gwajin kwalba ba. Zai cusa shi a inji tare da tawul da farar riga, ya murɗa ruwan da ya ga dama. Shi gwana ke tunani tun tana juya yadi a kanti. Shi ya sa bargon jariri da na ɗalibi, masu shan wanki ba ƙaƙƙautawa, ta fi yawan wanke yadinsu, ta bar na bango da sitacinsa. Da yawa ma in sun gama ɗinki sukan wanke bargon da kansu kafin su miƙa, don in akwai abin da zai faru ya faru a hannunsu. Sannan su ɗinka ɗan ƙyalle a kusurwar baya mai sunan mai ɗinki da shekara, su haɗa da 'yar takarda mai bayanin yadda za a wanke: ruwan sanyi, sabulu kaɗan, kada a bar shi a jiƙe.